Daminar da Takardar Malam ta Maƙale

Yau kwana huɗu rabonmu da rana a unguwarmu ta Yerimaram, cikin Potiskum. Marka ta sauka, bangon ɗakina ya jiƙe har yana ƙamshin sabuwar tukunya, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Da safe na ji jikata Zainab tana faɗa da firintar da ubanta ya saya mata saboda karatu, wai ta aika takarda ta ƙi fitowa. Na ce mata, "Duba layin, wata ce ta tsaya a gaba ta tare sauran." Ta juyo ta kalle ni baki buɗe, don ta san ko sunana ban iya rubutawa ba. Ni kuwa sai hawaye. Na ce ta bar injin nan ta ɗauko biro, ina faɗa tana rubutawa.

Lokacin mulkin soja ne, dab da a miƙa wa farar hula. Mu biyar ne a gidan nan: ni da maigidana Malam, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, da 'yan matanmu biyu, da ɗanmu na fari. Sunan mahaifin Malam aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Babayo. A yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta shigar masa faɗa, ko dukansa ake yi sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe. Haka uwata ta yi da yayana, haka ni ma na yi shekara ashirin da shida.

Gonarmu tana kan hanyar Nangere. Da rani Malam yana sayar da igiya a kasuwar shanu, da damina kuwa gona ce kawai. A shekarar ƙafarsa ta dama ta kumbura tun daga gwiwa, rumbu kuma ya yi ƙasa tun kafin ruwan fari. Da aka gama shuka, Babayo ya durƙusa ya ce, "Baba, hatsin nan ba zai kai mu kaka ba. Bari in bi motar shanu zuwa kudu in nemo abin da za a ci." Malam ya ce ba ya so, wa zai yi noma? Suka yi kwana uku a kan maganar. A na huɗu Babayo ya hau mota ba tare da an sa masa albarka ba. Ina bayan ƙyaure ina ji.

Daminar ta yi ruwa, ta kuma yi yunwa. Kananzir ya ɓace a gari, fetur sai a galan a ɓoye. Bayan sallar asuba nakan durƙusa ina hura jiƙaƙƙen icce har idona ya yi ja, in dama koko tsararo wanda kana iya hango gindin kwano ta cikinsa. Mu sha, mu ɗauki fartanya mu kama hanya, Malam a gaba yana dogara sanda. In ruwa ya ɗauke rana ta fito, ƙasa ta riƙa huci, zufa ta haɗu da ɗanshi, zane ya manne a jiki. Malam yakan yi noma a durƙushe, yana jan ƙafar a bayansa. 'Yan matan suna tsinko tafasa da rama da yaɗiya a bakin gona. Da yamma in dafa ganyen, in akwai ƙuli-ƙuli in kwaɗa, in babu gishiri da barkono sun isa. Tuwo sau ɗaya a rana, shi ma rabinsa dusa. Har yau in na ji warin dafaffiyar tafasa sai yunwar shekarar nan ta dawo mini, ko da na ƙoshi. Yaran yanzu kuwa a mai da albasa suke cinta, suna cewa marmari.

Ɗakin da ke jikin zaurenmu, mai ƙofa ta bakin titi, wata baiwar Allah ce a ciki mai suna Asabe. Bakarkariya ce, daga ƙabilun yankinmu, ta yi shekaru tana buga tafireta a wani ofis, sai ɗan'uwan mijinta ya kawo mata tsohuwar kwamfuta da firinta daga Kano, ta buɗe shagon buga takardu. A lokacin ana ƙirga masu irin wannan injin a Potiskum da yatsun hannu. Firintar tana da ƙara, ƙiiƙ ƙiiƙ, kamar ana yanka kwano da zarto, ta bango muke jinta. Asabe ta iya bugu kamar ruwan sama, amma cikin injin ba ta san shi sosai ba, wata huɗu ke nan da samunsa. Iya take ce mini, Malam kuma Baba. A wurina take cin abincin rana in akwai, in babu mu yi hira.

Wata Litinin Malam ya dawo daga masallaci fuskarsa ba kyau. Ashe wani ne ya yi masa ba'a a cikin mutane, ya ce mai ɗa namiji ga shi mata ke yi masa noma. Bai shigo gida ba, ya wuce shagon Asabe. Ta bango na ji yana cewa ta buga masa takarda zuwa ga Babayo. Ba ya son rubutun hannu, wai yaron zai ce wani ne ya ƙirƙira. Ta inji yake so, irin ta kotu, ya dangwala yatsa a ƙasa, ranar Laraba ya ba direbobin da ke lodin shanu su kai masa. Na ji farkonta: "Daga yau ba ni ba kai. Kada ka sake taka ƙofar gidana." Ban iya tsayawa jin sauran ba. Na koma bayan ɗaki na zauna kusa da turmi na toshe bakina da zane.

Duk wanda ya san Malam ya san in ya dangwala yatsa a kan magana, ta zauna ke nan. Kuma bakin uba ba abin wasa ba ne. In takardar nan ta hau mota, na rasa ɗana yana raye.

Hadari ya haɗo daga gabas tun suna ciki. Firinta ta fara ƙararta, ta ci layi uku ko huɗu, sai aka yi wata tsawa, wuta ta ɗauke. Takardar ta tsaya rabi a ciki rabi a waje. Asabe ta zare ta, ta ce, "Baba, sai an kawo wuta." Aka yi kwana uku babu wuta, Laraba ta wuce, motoci suka tafi.

Ranar Alhamis aka kawo. Unguwa ta ɗauki ihun murna, ni kuwa na san takardar nan ce za ta fita. Malam ya jawo ƙafa ya shiga shago. Asabe ta kunna, ta aika takardar, firinta ta yi shiru, sai wata 'yar fitila da take ƙiftawa.

"Sake aika mata," in ji Malam.

Ta sake. Shiru.

"Ƙara dai. Ba ta ji ba ne."

"Baba, wannan fa ba jaki ba ne da za a ƙara masa bulala."

"Duk abin da ke cin wuta yana jin magana. Danna."

Haka suka riƙa yi. Duk ranar da aka kawo wuta, ko ta awa ɗaya ce, sai ya bar abin da yake yi ya je ya ce a danna. Asabe ta ɗauka firintar ce ta ƙone da tsawar nan. Ta goge ta da tsumma, ta hura mata iska, ta canza zaren tawada, har rubutu wata maƙwabciya ta kawo a shafa mata. Mai gyaran yana Kano, kuma babu man da zai kawo shi. Mutane suna ta kawo aiki, tana bugawa tana aikawa ko Allah zai sa a dace, ba abin da ke fitowa. Wasu suka karɓe takardunsu suka tafi da zagi.

Zainab, rubuta wannan ma, don gaskiya ce. Asabe tana shigowa ta zauna a tabarmata tana kuka, sana'arta ta tsaya, ni ina rarrashinta da baki, a zuciyata kuwa ina roƙon Allah kada injin nan ya tashi. Na sha neman gafara a kan haka.

Cikin kwanakin ne wani direba ya yi sallama ya sauke rabin buhun garin kwaki da galan ɗin kananzir, ya ce saƙon Babayo ne. Malam ya ce a fitar masa da su daga gida. Na ja su na kai ɗakin girki na rufe da tsohuwar tabarma. Ranar Asabar maƙwabta suka yi mana gayyar maimai, don ciyawa ta fara fin gero tsawo. Maza goma sha wani abu suka jeru da fartanya tun hantsi, yayyafi yana sauka a bayansu, suna waƙa suna tsokanar wanda aka bari a baya. Ba ni da abin da zan ba su sai garin nan. Na jiƙa shi da ƙuli da albasa da ɗan mai, na kai a manyan kwanuka. Suka ci suna santi, ɗaya ya ce, "Malam, ashe kana da ɓoyayyen rumbu!" Malam ya san daga inda ya fito. Bai ci ba. Ya koma gindin ƙirya ya ci tafasarsa.

Laraba ta biyu ma ta wuce. Ranar Asabar da ta biyo, ana tsaka da ruwa, wuta kuma akwai, wani mutum ya jingina keke a zaurenmu, jiƙe sharkaf. Malamin makaranta ne daga Gadaka, sunansa Malam Bukar, Babarbare, Hausarsa tana karkacewa. Tun kwana goma ya kawo a buga masa katin ɗaurin aurensa. Na kawo wa Asabe ruwan zafi a kofi, sai na tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da shago. Malam yana zaune a benci ya miƙe ƙafa, ya zo a danna masa. Akwai kuma wata dattijuwa da ke jiran takardar neman haƙƙin mijinta da ya rasu a bakin aiki.

"Hajiya, Juma'a ne fa auren," in ji Malam Bukar. "Dangin amarya sun ce in babu kati su ba su san da biki ba. So kike in tsufa a gwauro?"

"Malam, injin ya mutu. Ka gani da idonka."

"Mutuwa da ido yana ƙiftawa? Matsa in gani. Na ɗan taɓa irinta a Maiduguri."

Ya share hannunsa a riga, ya kama abin nan mai kama da sabulu da ake turawa a kan tebur. Ya danna wani wuri a gefen gilashin kwamfutar sau biyu, sai ga wani akwati ya buɗe cike da rubutu jere-jere. Ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Lafiyarta ƙalau! Layi ne ya cushe."

Asabe ta ce wane layi? Ya ce ta taɓa zuwa injin niƙa? Kowa yana ajiye kwanonsa a bayan na wani. In hatsin farko ya shaƙe injin, ko kwano ɗari aka jera babu wanda zai wuce. Takardar da wuta ta yanke a tsakiya ita ce ta tsaya a gaba, ba ta fita ba, ba ta koma ba. Duk danna da aka yi bayan nan, sabon kwano aka ƙara a layin. Ni da ban san baƙi ba, a nan na gane maganar sarai.

Ya sa yatsa a gilashin yana ƙirgawa. "Wannan ta gaban, da irinta guda goma sha ɗaya a bayanta. Nawa katin ga shi can ƙasa, bawan Allah, yana ta jira. Takardar wace ce wannan mai yawa haka?"

Asabe ta kalli ƙasa. Malam ya ce, "Tawa ce."

"To Baba, sai an share su duka hanya za ta buɗe. Ba a taɓa kayan mutum sai da izininsa. In an share, asalinta tana nan a ajiye a ciki, sai a sake aiko guda ɗaya."

Malam ya dubi dattijuwar nan da ta yi sawu biyar a cikin ruwa. Ya dubi Asabe da ta rame. Shi mutum ne mai tsoron haƙƙin mutane, ko igiya ya sayar ya ga tana da rauni sai ya bi mai ita har gida. Ya ce, "Wato ni na tare wa bayin Allah hanya duk kwanakin nan?"

"Ba kai ba ne, Baba, tsawa ce. Kai dai ka ƙara mata kaya."

"Share su."

Malam Bukar ya kashe firintar ya zare wayarta daga bango. Ya nuna wa Asabe yadda ake yi, ya ce ita za ta yi da hannunta don gobe. Ta riƙa zaɓar su tana sharewa, ina kallon rubutun yana raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaban ta yi gardama, ta ƙi tafiya, sai da aka kashe kwamfutar aka sake kunnawa sannan ta ɓace. Aka mayar da waya. Firinta ta yi wani tari, ta ja takarda, ƙiiƙ ƙiiƙ. Dattijuwa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na dafa bango.

Aka fitar da ta dattijuwa, aka fitar da katin ango, suka koma zaure suna jiran ruwa ya tsagaita. Malam ya ce, "Saura tawa."

Asabe ta buɗe ta. Ta ɗora hannu, sai ta janye. Ta ce, "Baba, ka san ƙa'idata tun ina tafireta. Wanda ba ya karatun boko, ba na buga masa takarda sai na karanta masa ya ce haka ne."

"Ai kin karanta mini ranar."

"Waccan an share ta. Wannan sabon aike ne."

Ta fara karantawa, a hankali, kalma kalma, ba ta sa fushi a muryarta ba, ba ta sa tausayi ba. Maganar da aka faɗa da zafi ranar Litinin ta dawo a sanyaye cikin muryar mace, ruwa yana dukan kwano. Ba ni ba kai. Kada ka taka ƙofata. Gonata ba ka da rabo a cikinta. Malam yana kallon ƙafarsa. Sai ta kai layin ƙarshe, shi ma ban ji shi ba a ranar farko: "Ko mutuwa na yi, ban yarda ka ga gawata ba."

Ban san lokacin da na shigo shagon ba. Kofin yana hannuna. Na buɗe baki na kira sunan yaron, sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Na ce, "Malam, shi ne fa." Iyakar abin da na ce ke nan. A'a Zainab, ba zan maimaita ba, ke ma kada ki rubuta shi, kin san sunan ubanki.

Malam ya ɗago ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Sunan mahaifinsa ne, kuma daga bakina. Kunya ta rufe ni, na ja mayafi na rufe fuska, amma ban fita ba. Ba ka jin komai sai ruwa da ango yana karanta katinsa a zaure.

Can ya ce, "Asabe, ita asalin da ke ciki, ita ma tana sharuwa?"

"Tana sharuwa, Baba."

"Share ta. Ɗauko sabuwa."

Abin da ya faɗa bai fi numfashi uku ba, na haddace shi. "Daga mahaifinka. Garin ya iso. Gero ya fara fitar da kai. Ƙafata ba daɗi. In ka samu mota ka zo." Asabe ta karanta masa, ya ce haka ne. Firinta ta fitar da ita tun kafin in sauke mayafi. Ta miƙo masa tawadar dangwale, ya ce ba sai an dangwala ba.

Daga baya na tambayi Asabe ko da gaske dole ne a sake karantawa. Ta ce, "Iya, shagona ne, ni ke yin dokar." Ta rasu shekaru tara da suka wuce, ba na sallah ban sa ta a addu'a ba. Malam Bukar kuwa ban sake ganinsa ba, ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Allah ya sa auren ya yi albarka, ya ba shi 'ya'ya masu jin ƙansa.

Babayo ya iso ana gasa tumu. Kafin nan kumburin ya haura cikin Malam, ya daina fita ko masallaci. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa shiga. Malam ya ce, "Ka tsaya nan kana tare mini iska? Shigo." Ya shiga. Malam ya kama hannunsa ya juya tafin yana dubawa, ya ce igiyar shanu ta cinye masa hannu, ya je a shafa masa man kaɗanya. Sai ya ɗora nasa hannun a kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sau uku ya faɗa. Ina tsakar gida ina ji, na zuba wa tuwo gishiri sau biyu.

Babayo ya girbe geron shi da abokansa, ya ɗaure dammuna, ya cika rumbu. Malam ya sha kunun sabon gero kwana shida. A na bakwai, da hantsi, ya cika, kansa a cinyar ɗansa. Shekara talatin muka yi tare, kuma yau na kusa haka ba shi, amma har yanzu in an yi sallama da la'asar sai in ji kamar sandarsa ce ke taɓa dakalin zaure. Ku bar ni in yi kukana, ba ciwo ba ne.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Da maza suka dawo, ƙanin Malam ya tsaya a bakin ɗakin da nake zaune, ƙafarsa duk jar ƙasa. Na tambaye shi wa ya shiga ramin. Ya ce, "Babayo ne. Shi ya karɓe shi da hannunsa, shi ya juya fuskarsa gabas."

Na ce alhamdulillahi.